An Rubuta Zetta Marainiya

Gaɓar Gabas, Maryland
Lahadi, 21 ga Oktoba, 1866

Zuwa ga innata Priscilla, a garin Chatham, ƙasar Kanada.

Inna Silla, gaisuwa mai yawa tare da ladabi da girmamawa. Ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Baba Josiah da yaran duka. Ina roƙon Ubangiji ya tsare ku daga sanyin ƙasarku da aka ce yana shiga har cikin ƙashi, ya ba ki ƙarfin jiki da na zuciya, ya raya jaririnki ya sa masa albarka. Ni ce Mahala, 'yar yayarki Comfort, wadda kika bari tana da shekara tara tana ɓuya bayan ƙofa in an yi baƙi. Yanzu shekarata goma sha biyar, kuma Mama ta ce ban canza ba, ƙofar ce kawai ta yi mini kaɗan.

Mu nan lafiya lau, sai godiya. Baba yana kan ruwa tare da masu kamun ƙaguwa, sai ranar Asabar yake shigowa. Ciwon ƙafar Mama ya yi sauƙi tun da ta daina wanki a tsaye. Masara ta yi kyau bana, dankali kuwa ɓera ya raba mu da shi. Iya Hester tana nan da ranta da bakinta, haƙoranta ne kawai suka ƙare. Ina zuwa makarantar Malama Whitlock a coci kwana uku a mako, na gama littafi na uku. In kin ga kuskure a rubutuna ki yi haƙuri, wannan ce takarda mafi tsawo da na taɓa rubutawa.

Inna, ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba. 'Yarki Zetta tana da rai, lafiyarta ƙalau, na gan ta yau da idona. Na fara da wannan ne don kada gabanki ya faɗi. Amma takardu uku da na rubuta miki a baya, da nake cewa Zetta tana gida tana wasa, ta yi ƙanƙanta da doguwar tafiya, a bari sai bazara, duk ba gaskiya ba ne. Mama ce take faɗa ni ina rubutawa, amma hannuna ne ya rubuta, don haka laifin namu ne mu biyu. Zetta ba ta taɓa kwana a ɗakinmu ba tun tana shekara biyar, lokacin da matar tsohon ubangidanmu Mista Pruitt ta ɗauke ta zuwa babban gida. Da aka 'yanta bayi a watan Nuwamba shekara biyu da suka wuce, Mama ta tafi ɗauko ta a rana ta uku. Ta tarar Mista Pruitt ya riga ya sa ta a keken doki da sassafe ya kai ta kotun marayu, an ba shi takarda wai za ta zauna a hannunsa tana koyon aikin gida har ta cika sha takwas. Mama ta ce masa aikin gidan da yarinyar take yi tun kafin ta iya ɗaura zani, wane koyo ya rage. Ya ce ta bar masa fili kafin ya saki karnuka. Mama ta hana a gaya miki, ta ce kina da ciki, kuma labarin da mutum ba zai iya yin komai a kai ba guba ne kawai.

A watan Agusta Malama Whitlock ta ji maganar. Ta ce akwai wata takarda da babban alƙali yake bayarwa, wadda take tilasta wa duk wanda ya riƙe mutum ya kawo shi gaban kotu ya faɗi dalilin riƙewar, in dalilin bai tsaya ba a sake shi nan take. Sunanta na Latin ne, ya fi ƙarfin bakina. Ta haɗa mu da wani lauya daga Baltimore, Mista Lyle, siririn mutum mai yawan tari, wanda ya riga ya karɓo yara da yawa ta wannan hanya. Ya ce mu fara zuwa mu ga abin da aka rubuta. Muka yi tafiyar mil tara zuwa garin kotu. Akawu ya sauko da wani littafi da ya kai girman murfin akwati, ya buɗe ya juya mana shi yana murmushi, don yana zaton ba mai iya karantawa a cikinmu. Mama ta zungure ni. Na ɗora yatsa, na bi layin da ke ɗauke da cikakken sunan Zetta a hankali: Rosetta, baƙar yarinya, shekara bakwai, marainiya, ba uwa ba uba. Na karanta a zuciya sau biyu kafin na faɗa a fili. Mista Lyle ya ce lafiya, ai wannan mai sauƙi ne, tunda mun ce uwar tana da rai, kuma ba a nemi yardarta ba. Muka fito waje. A gindin bishiya Mama ta gaya masa cewa duk garin nan, farare da baƙaƙe, sun san kin nutse a kogi shekara shida da suka wuce, kuma ita ce ta sanar da su.

Sai ya ce to a kawo wasiƙunki, da hatimin gidan waya na Kanada a jiki. Inna, ba ko ɗaya. Kin san yadda aka saba. Tun zamanin marigayi Baba Pinkett, mai wa'azinmu, shi ne yake karanta wa Mama wasiƙarki sau biyu, sannan a sa ta a murhu a dama tokar. Da ya rasu bara aikin ya dawo kaina, kuma a ranar ne na fara sanin kina da rai, don ni ma kukan gaske na yi a jana'izarki. An riga an sami 'yanci, ba mai iya bin sawunki, amma Mama ta ce Bature yana canza doka kamar yadda yake canza riga, ita ba za ta bar takardar da ke ɗauke da sunan garinki ta kwana a ɗakinta ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ni da hannuna na ƙona ukun ƙarshe. Mista Lyle ya cire hularsa ya riƙe kai. Da labarin ya kai kunnen Iya Hester sai ta ce, Comfort, ai ni tun ranar na gaya miki kukan ya yi yawa, kin yi birgima har matar gida ta ba ki baƙin ƙyalle, ga shi yanzu kin binne ƙanwarki da kyau har kin kasa tono ta. Mama ta yi dariya, daga nan dariyar ta koma kuka.

Duk da haka aka rubuta roƙon. Mista Lyle ya rubuta da sunan Mama a matsayin yayar uwa, ya karanta mata, ta sa hannu da alamar gicciye a ƙasan takardar. Akawun babbar kotu ya ninka takardar uku, ya ɗaure da jan zare, ya tura ta cikin wani rami a jikin katakon bango. Ramukan suna da yawa, kowanne cike. Da ya juya baya na karanta sunayen da ke bayan wasu. Na ga na 'ya'yan Baba Isaac Molock su huɗu, na ga na wata mata da aka rufe a gidan yari ba tare da an gaya mata laifinta ba, wasu kuma takardun sun yi ja don tsufa, tun kafin a haife ni. Ban taɓa sanin mutane da yawa haka sun tsaya inda muka tsaya ba. Na so in tambayi akawun nawa ne a cikinsu suka koma gida, amma kunya ta hana ni.

Ranar Alhamis da ta wuce aka zauna shari'a. Mista Pruitt ya kawo Zetta, don ba shi da ikon ƙi. An sa mata sabuwar riga mai ɗigo-ɗigo da takalmi da ya fi ƙafarta, an zaunar da ita a gefe kusa da matarsa. Ta yi tsawo, Inna. Tana da goshinki, kuma tana riƙe hannayenta a cinya yadda Mama ta ce kina yi. Ba ta san dalilin kawo ta ba. Lauyan Mista Pruitt, wani mai jan gemu, ya tashi da wata tsohuwar takarda ta shekarar 1860, ya karanta cewa an tsinci mayafin baiwa Priscilla da takalminta ɗaya a bakin kogi, da kwale-kwale a kife, an yi kwana biyu ana jan ƙugiya a ruwa ba a sami gawa ba, kuma 'yar'uwarta Comfort ta shaida cewa ta ga lokacin da ta tafi ɗiban itace a tsallake. Ya juya ya dubi Mama ya ce, Goggo, ashe a gidanku matattu ma suna aiko da wasiƙa, da wane jirgi take zuwa? Mutanensu suka yi dariya. Ya ce ta zaɓi ɗaya, ko a da ta yi ƙarya ko yanzu take yi.

Ban taɓa ganin Mama haka ba. Ta miƙe duk da ƙafarta, ta dubi alƙali ta ce, ranka ya daɗe, a da na yi ƙarya. Ta ce ita ce ta ajiye mayafin, ita ce ta kife kwale-kwalen, don an riga an yi cinikinki da mai sayen bayi daga Georgia, inda aka kai uban Zetta ba a sake jin ɗuriyarsa ba, kuma saura kwana biyu a zo ɗaukar ki. Ta ce kin so ki tafi da yarinyar, ita ce ta ɓamɓare ta daga jikinki don tana zazzaɓi tana kuka, kukan zai tona asirinku, ku bakwai da za ku gudu. Ta ce an kafa miki itace a maƙabarta ba kowa a ƙasa, an yi waƙa, ita ta fi kowa kuka, kuma da za a dawo da ranar za ta ƙara murya. Alƙali ya tambaye ta me ya sa ba a gaya wa yarinyar ba. Ta ce ranka ya daɗe, yarinyar da take kwana a ƙasan gadon matar gida, wa zai ba ta ajiyar da za ta iya kashe uwarta.

Daga nan Mista Lyle ya kira sunana. Ya riga ya gaya mini zai kira, na kwana biyu ina maimaita abin da zan ce, amma da na tsaya na ga idanu, komai ya gudu. Alƙali ya ce in faɗi sunana. Na faɗa, ya ce bai ji ba. Na sake faɗa, ya ce har yanzu bai ji ba. Mai jan gemu ya ce ko wannan ma ta nutse ne. Na ji kamar in roƙi ƙasa ta tsage. Mista Lyle ya matso kusa ya ce a hankali, 'yata, kada ki dube su, kin tuna abin da wasiƙar ƙarshe ta ce? Inna, na tuna. Tunda na san za a ƙona su, ina karanta kowacce har sai ta zauna a kaina kafin in ba wa wuta. Sai na rufe ido na fara daga kwanan wata. Na faɗi gaisuwarki, da labarin haihuwar jaririnki Levin, da tsadar itace, da sunan titinku. Na zo inda kika ce, Comfort, bazara biyu ke nan kina ce mini sai bazara, ki turo mini 'yata, na ɗinka mata riga na kwance na ƙara tsawo sau uku don ban san girmanta ba, na ajiye mata gado kusa da murhu ba wanda yake kwana a kai. Ban san muryata ta fito ba sai da na ji ɗakin ya yi tsit, ba abin da ake ji sai alƙalamin akawu. Na gama ta uku na koma ta biyu, ba wanda ya tsayar da ni.

Da na buɗe ido Zetta tana tsaye. Matar Mista Pruitt tana jan rigarta ta zauna, ita kuwa ba ta ma san ana ja ba. Ba ta yi kuka ba. Mama kawai take kallo. Na san wannan kallo, don ni ma na yi wa Mama shi bara, amma ke ba uwata ba ce, kuma ni ba na zuwa maƙabarta kowane bikin Ista in jera katantanwa a gindin itacen nan kamar yadda take yi.

Alƙali dattijo ne, ba ya fara'a, amma bai yi gaggawa ba. Ya ce abin da yarinya ta haddace ba takarda ba ne, ba zai iya soke abin da ke rubuce a littafi da shi ba. Ya kuma ce ya daɗe yana sauraron maƙaryata, bai taɓa jin wanda ya ƙirƙiro tsadar itace ba. Hukuncinsa shi ne wannan, ki sa Baba Josiah ya karanta shi sau biyu. Ya ɗaga shari'ar zuwa Litinin ta farko a watan Disamba, uku ga wata. Ya ce tunda an rubuta mutuwarki da shaidar mutanen garin nan, sai mutanen garin nan sun gan ki da ido, a gabansa. Wasiƙa ba za ta isa ba, ko da rantsuwa a jiki, don kowa yana iya sa sunan matacce a takarda. In kin tsaya a kotu ranar, takardar Mista Pruitt ta mutu, ki kama hannun 'yarki ki fita. In ba ki zo ba, za a mayar masa da ita har shekara tara masu zuwa, kuma ba zai sake sauraron maganar ba. Kafin ranar, ya ce ba za ta koma gonar ba, ba kuma za ta zo gidanmu ba. An ba matar mai gadin gidan yari ajiyarta. Ba a kulle take ba, a ɗakin girki take kwana, matar kuma ba ta da mugunta. An yarda mu gan ta ranar Lahadi.

Ba zan sake ɓoye miki komai ba, don haka ga sauran. Mista Lyle ya ce doka ba ta da abin da za ta yi miki yanzu, gudun bawa ya daina zama laifi. Ya ce in kin iso Baltimore ki sauka a cocinmu na can, shi da kansa zai shigo jirgin ruwa tare da ke, ba zai bar gefenki ba har ki koma. Baba da mutanen coci shida sun ce za su tsaya a bakin gaɓa. Amma 'ya'yan Mista Pruitt biyu sun dawo daga yaƙi da ɗacin rai, kuma babban ya ce a kanti, a gaban mutane, wai kogin da ya ƙi cin ki da farko har yanzu yana nan. An ƙona makarantar baƙaƙe a ƙauyen da ke gaba da mu a watan jiya, ba a kama kowa ba. Na san kina shayarwa, na san tafiyar kwana huɗu ce ko biyar a cikin sanyi, na kuma san kin rantse ba za ki sake taka wannan ƙasa ba. Mama ta ce ba ta da fuskar da za ta roƙe ki. Ta ce in rubuta duka, ke ki yanke.

Yau bayan coci muka je. Mama ta kai mata burodin masara da zuma. Zetta ta karɓa ta ce na gode ranki ya daɗe, kamar yadda ake ce wa matar gida, ta ajiye a gefe. Mama ta fita waje ta zauna a kan dakali. Muka rage mu biyu, ni ba mai magana ba, ita ma haka. Muna ta ɓare wake. Can sai ta ce, Yaya Mahala, sake faɗa mini wurin rigar. Na faɗa. Ta ce wurin gadon. Na faɗa. Ta tambaya ko kin san ta iya toya burodi ba ya ƙonewa, na ce zan gaya miki. Sai ta tambaye ni ko gaskiya ne abin da ta ji mai gadi yana gaya wa matarsa, game da maganar kogi. Na so in ce a'a, amma na gaji da irin wannan a'a ɗin. Na ce gaskiya ne an faɗa.

Sannan ta ce in rubuta miki kada ki zo. Ta ce ta ƙirga da yatsu, shekara tara ce kawai, kuma ta riga ta yi huɗu a gidan ta san yadda ake yi, in ka yi shiru ka yi sauri ba a cika dukanka ba. Ta ce da can uwarta tana cikin ruwa, yanzu tana wani gari tana ɗinki, ita wannan ya ishe ta, kada a taɓa mata shi. In ta cika sha takwas za ta zo da ƙafarta, ki dai ci gaba da ƙara wa rigar tsawo. Ta kama hannuna da ƙarfi ta sa na yi alkawari zan rubuta yadda ta faɗa, ba ragi.

Na cika alkawari, ga shi na rubuta. Amma ban yi mata alkawarin zan haɗiye tawa maganar ba. Shekarunta tara, Inna, kuma ta riga ta iya lissafin dukan da za ta iya ɗauka. Ni ban isa in ba ki umarni ba, kuma in wani abu ya same ki a hanya ban san inda zan sa kaina ba. Duk da haka ina roƙonki. Ki zo.

Mama tana gaishe ki, ta ce ki yafe mata in za ki iya. Baba yana gaida Baba Josiah da kyau. Iya Hester ta ce in gaya miki ita ba ta yarda ta mutu ba sai ta ga fatalwa da rana tsaka. Malama Whitlock tana gaisuwa duk da ba ta san ki ba. Ki gaishe mini da ƙanwata Adeline, ki shafa mini kan Levin. Ki ba da amsa ta hannun Mista Lyle a Baltimore, adireshinsa yana bayan wannan takarda, kuma ki yi sauri, mako shida ne suka rage. Ubangiji ya nuna miki abin da ya fi, ya tsare fitarki da shigarki.

Ni ce 'yarki mai ƙaunarki,
Mahala Cornish